Zaure ya cika, mawaƙi ya koma gida da bashi: ina kuɗin tikiti ke tafiya?

Duk bayan Sallah sai maganar nan ta taso a majalisun Agege da Idi-Araba, haka ma a watan Disamba da Legas ke cika da wasanni. A ga hoton zaure maƙil da jama'a, mawaƙi riƙe da makirfo ana ta tafi, bayan kwana biyu kuma a ji shi yana kukan ko kuɗin mota bai samu ba. Sai masu sauraro su rabu. Wasu su ce ɓoyon samu ne, ba ya son 'yan'uwa su roƙe shi. Wasu su ce mai shirya wasan ne ya yi sama da faɗi da kuɗin. Kowanne yakan faru, amma galibi ba nan gizo ke saƙar ba.

Tambayar ita ce: tikitin naira 5,000 da ka saya, nawa ne a ciki ke isa hannun wanda ka je kallo dominsa? Amsar ba a yawan jama'ar da suka zo take ba. Tana cikin irin cinikin da aka ƙulla tun kafin a buga fosta, da kuma wanda aka ɗora wa asara idan wasa bai karɓu ba.

Tikiti baƙo ne a harkar kiɗan Bahaushe

Makaɗin gargajiya bai san tikiti ba. Yana da ubangida, sarki ko attajiri ko sarkin wata sana'a, yana kuma da biki da suna da wasan Sallah. Ya yi waƙa a yi masa kari, wani ya ba da riga, wani doki, daga baya mota da kujerar Makka. Abin da aka samu shugaban ƙungiya ya raba wa makaɗa da 'yan amshi da sanƙira bisa matsayin kowa. Kuɗi daga hannun mai bayarwa zuwa hannun mai waƙa yake tafiya kai tsaye, kowa na gani.

Legas ba haka take ba. Nan fili kuɗi ne, wuta kuɗi ce, tsaro kuɗi ne. Gidajen da ake kiɗa a cikinsu, daga New Afrika Shrine da ke Agidingbi a Ikeja, wanda aka buɗe a 2000, zuwa Freedom Park da ke titin Broad, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, har zuwa babban zauren otal ɗin Eko a Victoria Island, kowanne yana da hanyar da yake mayar da kuɗinsa. Da matasanmu masu waƙar fiyano da masu gambarar zamani suka fara shirya gala da wasan Sallah a zaurukan haya, sai suka tarar da wani mutum na uku tsakaninsu da mai kallo: mai shirya wasa, wanda ake kira furomota. Kuɗin ƙofa hannunsa yake fara faɗawa. Mai kallo kuwa har yanzu da tunanin liƙi yake zuwa, yana ganin abin da ya biya a ƙofa ya ba mawaƙi ne. Daga nan rashin fahimtar ta samo asali.

Ciniki iri-iri ne, ba ɗaya ba

Mawaƙin da ya yi suna jinga ake yi da shi. A daddale kuɗinsa, a ba shi kafin alƙalami, cikon kuma ya karɓa kafin ya taka dandali. In daga Kano ko Kaduna aka gayyato shi, kuɗin jirgi da masauki na wuyan mai gayyata. Zaure ya cika ko ya zama fayau, shi dai ya karɓi nasa. Wannan shi ne ciniki mafi kwanciyar hankali ga mai waƙa, kuma ba kowa ake yi wa shi ba.

Na biyu shi ne rabon kuɗin ƙofa. A ce mawaƙi na da kashi 60 cikin 100, mai shiryawa na da 40, ko rabi da rabi. Kalma ɗaya ce ke raba mai murna da mai kuka a nan: za a raba ne daga gundarin abin da aka tara, ko sai an cire ɗawainiya? Yawancin rigingimun da na ji labarinsu a kan wannan gaɓar suke. Mawaƙi ya tafi da cewa kashi 60 na duk abin da ya shigo ne, mai shiryawa kuma yana nufin kashi 60 na abin da ya rage.

Akwai kuma la'ada, wadda ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zama kasuwa. A ba ka tikiti ka sayar, kowane guda kana da naira 500 ko 1,000, wanda bai shiga ba ka mayar. Dillanci ne tsantsa, babu aibu a cikinsa.

Na huɗun shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A danƙa wa sabon mawaƙi littafin tikiti a ce dole ya kawo kuɗin guda kaza, ya sayar ko bai sayar ba, in ba haka ba ba zai hau dandali ba. A fuska kamar la'ada ne. A zahiri sayen damar yin waƙa ne. Ba a Legas aka fara shi ba. A Amurka, gidajen rawa na birnin Los Angeles sun yi ƙaurin suna da shi tun shekarun 1980, har aka laƙaba masa sunan da ke nufin biya kafin ka yi wasa, kuma makaɗa sun daɗe suna yaƙi da shi.

Kafin kuɗi ya kai ga mai waƙa

Bari mu yi lissafi da misali. Alƙaluman nan nawa ne, na tsara su don a ga yadda abin ke tafiya, kowane wasa da nasa.

A ce zaure ne mai cin mutum 300, tikiti naira 5,000, mutum 200 suka biya. An tara naira miliyan 1 ke nan. Hayar zaure ta ci 300,000. Kayan sauti da mai kula da su 200,000. Janareta da mansa 100,000. Ƙartin da ke tsaron ƙofa 60,000. Fosta da talla 70,000. Mai gabatarwa da mai saka kiɗa 70,000. An kashe 800,000, saura 200,000. Idan rabon 60 da 40 ne bayan cire ɗawainiya, ƙungiyar mawaƙi ta tashi da 120,000. Su shida ne, da mai fiyano da mai ganga da 'yan amshi, kowa 20,000, ba a cire kuɗin motar kwashe kaya ba, ba a cire hayar ɗakin da suka yi sati biyu suna gwaji ba. In da daga gundarin kuɗi aka ce, da 600,000 za su karɓa, mai shiryawa kuma ya faɗi da 400,000. Ka ga nisan da ke tsakanin maganganun biyu.

To mutum 200 kaɗai ne a zauren? A'a, ido zai ga ya kusa cika. Akwai baƙin alfarma, akwai yaran mai zaure, akwai abokan masu tsaron ƙofa, akwai wanda ya ce shi ƙanen Alhaji ne aka ji nauyin hana shi. Kai ake gani a hoto, ba tikiti ba. Kuma da mutum 150 ne suka biya, da an tashi da giɓin 50,000 kafin ma a zo maganar mawaƙi.

Ɗawainiyar nan kullum hauhawa take yi. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a Legas. Harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, jihar Legas kuma tana da nata harajin kashi 5 cikin 100 a kan otal-otal da gidajen abinci da wuraren taro, bisa dokarta ta 2009. Manna talla a titi yana ƙarƙashin hukumar LASAA, ƙarar lasifika kuma hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, na iya rufe wuri a kanta. Mai zaure ba daga aljihunsa zai biya waɗannan ba, cikin kuɗin haya yake cusa su.

Wasanninmu suna da wani nauyi da na maƙwabtanmu ba su da shi. Gidajen shaƙatawa da yawa a Legas ba da ƙofa suke cin riba ba, da cinikin abin sha ne, shi ya sa suke iya ba ƙungiyar kiɗa wuri a sauƙaƙe, ko ma su biya ta don ta tara musu jama'a. Manyan wasanni kuma suna da tebura na miliyoyin naira da tallafin bankuna da kamfanonin waya da na giya. Wasan Hausawa ba a gina shi kan cinikin giya, ba kuma a neman tallafinta, haka ya kamata. Sai dai sakamakon shi ne mai zaure zai nemi hayarsa cif, komai kuma ya koma kan ƙofa. Ga shi masu zuwa kallon 'yan kasuwa ne da leburori da masu gadi da 'yan acaɓa, waɗanda hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, da ƙarin huɗu a Satumbar shekarar, ya taɓa aljihun da yawa daga cikinsu. Ba za ka tsawwala musu kuɗin shiga ba.

Littafin tikiti a aljihun yaro

Akwai wani matashi a unguwarmu, tela ne, yana da murya. Sati uku kafin wani wasan Sallah na gan shi da ɗan littafi mai shuɗin bango a aljihun gaban rigarsa, an ɗaure shi da roba. Tikiti 30 ne, kowanne naira 5,000. Sharaɗin da aka gindaya masa: kuɗin guda 20 na farko na mai wasa ne kacokan, abin da ya haura haka yana da 1,000 a kowanne.

Ya rufe shago ya shiga yawo, a lokacin da ɗinkin Sallah ya fi kowane lokaci kawo kuɗi. Ya je Mile 12 wajen 'yan garinsu masu albasa da tumatir, ya je mayankar Oko-Oba wajen mahauta, ya bi masu shayi da daddare. Wani ya saya don zumunci alhali ba zai je ba. Wani ya karɓa ya ce, "Bari kasuwa ta tashi, gobe ka dawo." Ranar wasa ya sayar da 18, uku daga ciki bashi ne. Hannunsa akwai 75,000, ana binsa 100,000.

Ya same ni bayan la'asar, ya durƙusa gefen tabarma ya ce, "Yaya, ka ranta mini 25,000. Oga ya ce in ban cika ba ba zai sa sunana ba, ga shi na riga na gaya wa kowa."

Na ce, "Ƙanena, in ka cika, nawa za a ba ka?"

Ya yi shiru, yana murza robar littafin. Sannan ya ce, "Ai dama ce, Yaya."

An kira shi ƙarfe 7 na yamma, kujeru fiye da rabi babu kowa, don jama'a sai bayan isha'i suke cikowa. Minti biyar aka ba shi. Waƙa ta biyu bai kai ƙarshenta ba mai gabatarwa ya miƙo hannu ya karɓi makirfo. Babban baƙon da aka ce zai gan shi ya yaba, a lokacin yana masauki bai ma fito ba.

Yanzu ka dawo kan lissafinmu na baya. Idan yara 10 aka ba irin wannan littafin, kowa ya kawo kuɗin tikiti 20, an tara naira miliyan 1 tun ba a buɗe ƙofa ba. An biya zaure, an biya sauti, an biya mai. Ma'ana, haɗarin faɗuwa ya tashi daga kan wanda ya shirya kasuwancin, wanda shi zai ci riba in an samu, ya koma kan tela da ɗan acaɓa da mai wankin mota, waɗanda ko an yi riba ba su da kaso. Wannan shi ne abin da ban yarda da shi ba. Wanda zai kwashi riba shi ya dace ya ɗauki asara. Ba a taɓa cewa dillali ya biya kuɗin ragon da bai sayu ba.

Ɓarnar ba ta tsaya kan kuɗi ba. Wanda ke hawa dandali ya zama wanda ya fi yawan dangi ko ya fi samun mai ranta masa, ba wanda ya fi iya waƙa ba. Mai kallo ya biya kuɗinsa ya zauna awa uku yana jin waɗanda suka sayi layi. Gobe in an ce akwai wasa sai ya yi nauyin ƙafa. Yaron kuma ya ƙone zumuncinsa, don ba za ka koma wa mai albasa da tikiti sau huɗu a shekara ya ci gaba da yi maka fara'a ba.

Abin da masu shirya wasa ke cewa

Su ma suna da hujja, kuma ba a banza take ba. Mai zaure ba ya jiran a tashi, tun da wuri yake karɓar nasa. Babban mawaƙi ba ya barin gida sai ya ga alat. Ruwan sama na iya sauka, ambaliya ta tsayar da motoci, wasa ya mutu murus. Wanda ya shirya taro a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san yadda ƙofa ke bushewa a dare ɗaya. Suna kuma cewa sabon mawaƙi yakan cika baki yana da masoya, ranar wasa ko mutum biyar ba su biyo shi ba, littafin tikiti ne kaɗai ke nuna gaskiyar jama'arsa.

Na yarda mawaƙi ya taya talla, ya kuma nuna yana da masu zuwa dominsa. La'ada tana biyan wannan buƙata: wanda ya sayar da yawa ya samu da yawa, a kuma ba shi lokaci mai kyau a jerin masu hawa. Abin da hujjarsu ba ta wanke ba shi ne tilasta masa biyan kuɗin tikitin da bai sayu ba. In jari ne bai isa ba, a rage girman wasan, a kama ƙaramin zaure.

Wa ke ƙirga ƙofa?

Ko ciniki ya yi kyau, in mutum ɗaya ne ke riƙe da akwati shi ne kuma ke faɗin adadi, zargi ba zai ƙare ba. Tsoffin dabaru sanannu ne: a karɓi tikiti ba a yaga ba a sake sayar da shi, a buga littafi biyu masu lamba iri ɗaya, a karɓi rabin kuɗi a hannu a shigar da mutum ta baya. Maganinsu ma sananne ne. Tikiti ya zama mai lamba a jere, a yaga shi gida biyu, ƙungiyar mawaƙi ta ajiye nata mutum a ƙofa, a ƙirga gutsattsarin a gaban kowa kafin a watse. Taransifa kuma ta shiga asusu ɗaya da aka sani, ba asusun duk wanda ke tsaye a ƙofa ba.

Sayarwa ta intanet ta rage wannan. Dandamali irin su Tix Africa da Nairabox suna ba kowane tikiti alamar da ake haskawa da waya, sau ɗaya take aiki. Suna cire kasonsu, kamfanin da kuɗin ke bi ta cikinsa ma yana da nasa. Paystack, alal misali, ya saba cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida, wato naira 175 a tikitin 5,000. Amma a lura, kuɗin asusun wanda ya buɗe shafin yake faɗawa. In mawaƙi ba shi da damar ganin adadin da aka sayar da idonsa, akwatin ne dai ya koma cikin waya. Kuma yawancin masu zuwa wasanninmu sai sun iso ƙofa suke biya, da tsabar kuɗi ko ta POS.

Liƙi, da dokar da ke kansa

Abin da ya daɗe yana rufa wa ƙaramin mawaƙi asiri shi ne liƙi. Ko ƙofa ba ta ba shi komai ba, in ya wasa Alhaji ya taso da bandir. Nan ma sai an yi magana tun farko: liƙin na wanda ke kan dandali ne shi kaɗai, ko mai gabatarwa da mai saka kiɗa suna da rabo? Wa zai tsince? Sannan Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta watsa naira da tattaka ta a wajen biki, hukuncin ɗauri ne na aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Da an ɗauka doka ce ta takarda, sai a Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure wani sananne a kafafen sada zumunta wata shida a kan haka, bayan EFCC ta gurfanar da shi. Tun daga nan masu hannu da shuni da dama suka koma sa kuɗi a kwano ko ambulan, ko su nemi lambar asusu. In lambar da aka ɗaga a allo ta mai shirya wasa ce, kyautar da aka yi don mawaƙi ma ta bi hanyar kuɗin ƙofa.

Kada kuma a haɗa kuɗin tikiti da haƙƙin mallakar waƙa. Wannan wani asusu ne daban, ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a Maris na 2023, inda ƙungiya irin MCSN ke karɓar kuɗin lasisi daga wuraren da ake saka waƙoƙi a bainar jama'a ta raba wa mambobinta. Wanda bai yi rajistar waƙoƙinsa ba ba ya cikin rabon.

Abin da za a daddale kafin a buga fosta

Mutanenmu suna jin nauyin rubutu, wai kamar rashin yarda ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ba sai an je wajen lauya ba. Saƙon WhatsApp da ɓangarorin biyu suka amsa, da shaidu biyu daga dattawan unguwa ko shugabannin ƙungiyar mawaƙa, ya fi alkawarin baka nesa ba kusa ba.

A ciki a faɗi nawa ne kason mawaƙi, kuma daga gundarin kuɗi ne ko bayan ɗawainiya. In bayan ɗawainiya ne, a jera ta da farashinta tun yanzu, kada a wayi gari da sabon lissafi. A faɗi yawan baƙin da za su shiga kyauta. A faɗi ƙarfe nawa zai hau, minti nawa zai yi, da ranar da za a biya shi, a daren ne ko washegari. A faɗi abin da zai faru in an fasa wasan, musamman kuɗin mutanen da ya sayar wa tikiti da hannunsa, don shi za su tare a hanya, ba furomota ba. Sai layi ɗaya da ya fi sauran muhimmanci ga mai tasowa: tikitin da bai sayu ba a mayar da shi, babu ciko.

Telan nan ya biya ni kuɗina a hankali, da ɗinki biyu da ɗan abin da ya sawwaƙa. Da Babbar Sallah ta matso aka sake aiko masa da littafi. Ya ce zai karɓa in la'ada ce, 1,000 a kowane tikiti tun daga na farko, saura ya mayar. Aka ce ba haka ake yi ba. Shi da abokansa huɗu suka haɗa kuɗi suka kama wani ƙaramin zaure mai cin mutum 80, suka sa tikiti naira 2,000, ƙanen ɗayansu ya zauna a ƙofa da kwalin zuba gutsattsarin tikiti. Mutum 61 suka biya. Bayan sun sallami mai zaure da mai lasifika, kowannensu ya tashi da naira 6,000.